Takalman Baba Direba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba Direba, burinsa bai wuce guda ɗaya ba: ya taka da ƙafarsa daga gida har shagon takalman autansa da ke tsakiyar gari. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin babbar mota, ga shi yau ƙafar hagu ba ta motsi sai da lallashi.

"Injin ƙalau yake," haka yake ce wa masu zuwa dubiya, yana dafa ƙirji. "Taya ɗaya ce ta yi faci."

Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, Auta ya kawo masa takalma masu taushi, ya durƙusa ya sa masa da kansa.

"Baba, ranar da ka tako da waɗannan har shagona, ranar zan san ka warke."

Auta faɗa kawai ya yi. Tsoho kuwa ya riƙe maganar gam.

Aka yi sa'a, a shekarar hukumar tsara gari ta gyara titin. Aka faɗaɗa daɓen masu tafiya a ƙasa, aka dasa bishiyoyi, aka jera turakun ƙarfe a bakin daɓen don kada mota ta hau. Motoci kuma aka ware musu fili a bayan layin shaguna.

Ba don Baba Direba aka kafa turakun nan ba, amma ya fi kowa cin moriyarsu. Sanda na hannunsa, sai dai ƙafar ba ta jure nisa. Sai ya taka kaɗan, ya jingina da turke, ya mayar da numfashi, ya nufi na gaba. Tashoshinsa yake kiransu. Da farko iyakarsa teburin mai gyaran agogo. Sannu a hankali ya kai kantin magani, har ya soma hango shagon aski.

Matarsa Inna kaɗai ta san inda ya dosa.

"Kada ki gaya wa yaron nan," in ji shi. "So nake ya ɗaga kai kawai ya gan ni tsaye a ƙofa."

"To, sarkin taurin kai, Allah ya kai ka lafiya."

Wata ranar hutu Auta ya zo gaisuwa, bakinsa cike da ƙorafi.

"Turakun nan sun kashe mana kasuwa, Baba. Mai mota shi ne mai sayen takalmi mai tsada. Wa zai ajiye mota a baya ya zagayo da ƙafa? Zan san yadda zan yi da su."

Maganar ta zo wa tsoho har baki, sai ya tuna bazatar da yake shiryawa, ya haɗiye ta. Abin da ya ce kawai, "Mai sayar da takalmi ne ke faɗa da masu tafiya a ƙasa? Ka bar su, Auta, suna da amfani."

Auta ya yi dariya, ya ɗauka zolayar Baba ce ta kullum.

Ranar da abin zai faru, Baba Direba ya tashi jikinsa da daɗi. Inna ta goge masa takalman. Ya wuce mai agogo, ya wuce kantin magani, ya ɗaga wa mai aski hannu. Ga allon shagon Auta can yana hangowa. Daɗi ya cika shi, har yana tsara abin da zai faɗa idan ya shiga.

Da ya saki turken ƙarshe, sai ya ga babu na gaba. Guntaye biyu ne a ƙasa, yankansu sabo, yana ƙyalli. Wata mota ta bi ta giɓin ta hau daɓen, ta kai hancinta ƙofar shagon, ta tare hanya gaba ɗaya.

Ƙafar ta soma rawa, hutu take nema. Komawa baya ta yi nisa. Ya sauka kan kwalta don ya zagaya, ya jingina da bayan motar ya ɗan numfasa. A nan ya ji an tayar da inji. Kunnen tsohon direba ne, ya san ƙarar shigar giyar baya tun kafin mota ta motsa. Ya san abin da ke tafe sarai. Ya ce wa ƙafar ta matsa, ta ƙi.

Mai motar ba mugu ba ne. Takalmi ya tsaya saye, "yanzu zan fito" irin ta kowa. Da Auta ya fito a guje ya kutsa cikin mutane, takalman ya fara ganewa kafin ya ga fuskar.

A asibiti likita bai ɓoye musu ba. Ƙashin ƙugu ya karye, kuma da shekarun Baba da ciwon da ke jikinsa, tafiya ta ƙare.

Auta ya durƙusa a bakin gado.

"Ni na kira mai walda ya yanke su. Baba, me ya fito da kai?"

Tsoho ya kalle shi. Ba fushi a idonsa, baƙin ciki ne kawai.

"Takalman na kawo maka ka gani. Saura ƙiris, Auta."

Auta ya mayar da turakun. Yanzu da kansa yake nuna wa masu mota filin baya, kuma kasuwar ba ta mutu ba. Amma Baba Direba a keken guragu yake wuce tashoshinsa, Inna na tura shi, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake jin zancen taya da faci a bakinsa. Takalman suna ƙarƙashin gado, ko dunduniyarsu ba ta cinye ba.

Jama'a, daɓen gefen titi na masu tafiya a ƙasa ne, ba wurin ajiye mota ba. Kafin ka hau shi ko ka cire abin da aka kafa don kare shi, ka tuna akwai wanda da shi yake dogara, kuma wataƙila naka ne.