Makin Inna

"Baba, makin Inna na ta faɗuwa," in ji ɗansu daga Kwatano. "Sati ukku ke nan. Ran Jumma'a ina zuwa in tahi da ita."

Tsohon ya riƙe wayar a kunne.

Bara ne ɗan ya aiko da babbar waya mai wasan motsa ƙwaƙwalwa, lokacin da uwar ta fara ɓata tsakanin gida da kasuwar albasa. Hotuna ake nunawa sannan a rufe su, sai mutum ya tuna inda kowanne yake. Kullum makin yana isa Kwatano. Sharaɗin ɗan guda ne: in makin ya yi ƙasa, sai asibiti can kudu.

Ita kuwa tun azumi ta daina gane abin, sai dai ta shafa gilashin ta yi dariya. Shekara arba'in da bakwai suna tare, ba zai bari a kai ta hannun baƙi ba. Don haka kowace safiya, da ya dawo daga masallaci, shi ke zama ya buga mata wasan. Mutumin da ya san sunan kowane direba daga Gaya har Kandi a hanyar Kwatano, hoton kifi da kwando ne za su gagare shi?

"Baba, kana ji na?"

Yana ji. Ya dubi matarsa tana tsintar wake a kan tabarma, ya dubi yatsansa. Ya buɗe baki zai kira ɗan da sunansa, sai ya tsaya yana laluben sunan.