Shaidun da Ke Kan Soro

"Ina takardarku?" alƙali ya tambayi lauyar, yana tsaye a bakin lungun da ake shari'a a kansa.

Babu takarda. Kakannin matan da ta tsaya wa ba su rubuta hanya ba, bin ta kawai suke yi. Attajirin da suke shari'a da shi kuwa ya zo da tasa, wai lungun cikin filinsa yake, shaguna zai gina. In ya toshe shi, dole 'yan matan unguwar su zaga ta kangon 'yan daba kafin su kai Islamiyya. Bara har an sari ɗaya a hannu.

"Allah ya gafarta Malam, shaiduna suna sama," in ji ta.

Attajirin ya yi dariya, ba ta ko kalle shi ba. A irin wannan lungu ta girma, bayan Ƙofar Mazugal. Ta ɗaga kai ta ƙwala wa babbar matan kira: "Iya, bismillah!"

Mata suka bayyana a kan soraye, kowacce da bokiti, suka tuttule ruwa a rufin. Tsofaffin indararo, dama da hagu, suka kwararo cikin lungun.

"A birnin nan, wa ya taɓa juya indararonsa cikin filin wani, aka ƙyale shi tun zamanin kakanni?" lauyar ta tambaya.

Alƙali ya juya ga attajirin. Shi kuwa idonsa na kan indararon da ke jiƙa masa takalmi, na gidan mahaifinsa, inda yayarsa ke zazzage bokitinta.