Takardu Shida a Rumfar Mai Fito

Hansai, tunda an sa ki cikin masu duba rubutun yara a kan adalci, ajiye jan biron nan ki saurara. Zan ba ki misali, kuma ba na son a katse ni.

An yi wani jami'in ilimi a wata ƙaramar hukuma, mutum mai tsare gida, ba ya karɓar na goro, ba ya makara wurin aiki. Da ranar nan ta matso, wadda gwamnati ke ba da hutu don tunawa da mutanen da suka sha ɗauri saboda 'yancin talaka, sai ya shirya wa makarantunsa guda ashirin gasa. Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya fahimta game da adalci, a kawo cikin mako biyu, wanda ya yi fice a karrama shi ranar taro a gaban shugaban ƙaramar hukuma. Aka buga takardun sanarwa, masinja ya hau babur ya tafi rabo. Wa'adi ya cika, makarantu goma sha huɗu suka aiko, shida ko ƙyalle. Ran jami'in ya ɓaci. Ya zauna ya rubuta sunayen shugabannin makarantun nan shida, da niyyar ya karanta su a bainar jama'a ranar taro, sannan ya sauke su daga muƙaminsu. Ma'aikatan ofis suka ce ya yi daidai, mutanen ƙauye da ma haka suke, da damina gona ce a gabansu.

To, amma mutumin yana da wani hali, abu ba ya wuce shi bai juya shi ya ga cikinsa ba. Yana duban sunayen sai ya lura duka shidan a tsallaken kogi suke. Ya ce a ransa, yaushe lalaci ya fara zaɓar gaɓar kogi? A wannan gefen ma akwai ƙauyuka, akwai malamai masu noma, ga shi sun aiko. A cikin shidan kuwa akwai wani dattijo da ya san shi shekara da shekaru, wanda ko rajistar yara ba ya bari ta kwana ba a cike ba. Tambayar ta hana shi sakat. Saura kwana biyu taro, ya sa takardar sunayen a aljihu, ya shiga motar kasuwa har bakin ruwa don ya ji daga bakinsu kafin ya yanke. Ya tarar kogi ya cika ya batse, ruwa ja wur, yana tafe da rassan itace. Mai fito na zaune a rumfarsa yana toshe tsagar kwale-kwale da tsumma. Da ya ɗaga kai ya ga baƙo da biro a aljihun gaba, sai ya miƙe da murna, ya zura hannu cikin rufin rumfar, ya zaro wasu takardu a naɗe cikin leda, gara ta fara cin gefensu. Ya ce, "Malam, Allah ne ya kawo ka. Ka taimaka ka miƙa wa makarantu wannan saƙo. Ni ban iya karatu ba, duk wanda na gani da biro shi nake ba wa, tun da ruwa ya kawo kuwa ba mai biron da ya haye sai kai." Jami'in ya warware ledar. Sanarwar gasa ce, guda shida, kowace da hatiminsa da sa hannunsa.

Sai ya tambaya me ya hana masinja ƙetarewa da kansa. Mai fito ya ce, "Ai wani babba a ofishinsu ya hana a sa babur a jirgi, tun shekarar da ɗaya ya faɗa ruwa. An ce mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa zuwa nan ba." Jami'in ya san dokar, don shi ya kafa ta, shekara bakwai da suka wuce, har aka yabe shi a kan tattalin kayan gwamnati. Bai taɓa tambayar yadda saƙo ke isa tsallake ba tun daga ranar. Shekara bakwai yana rubuta wa mutanen can takardar gargaɗi a kan jinkiri, ita ma takardar gargaɗin a rufin wannan rumfa take kwana. Ya shiga kwale-kwalen ya haye, ya bi makarantun da ƙafa cikin taɓo, ya miƙa wa kowane shugaba tasa hannu da hannu, duk da ya san lokaci ya riga ya ƙure.

Ranar taro aka cika fili, yara suka karanta abin da suka rubuta, aka tafa. Da aka zo wurin kiran masu sakaci, jami'in ya tashi ya ce sunan mutum ɗaya ne a hannunsa, ya kira nasa. Shugabannin nan shida suka tsira da kujerunsu. Yaran tsallake kuwa gasar wannan shekara ta wuce su, kuma ba wata tuba da ta dawo musu da ita, kada ki ce na ce miki an tashi kowa na dariya. Mutum ne da bai taɓa nufin zaluntar kowa ba, amma ya tara yara yana tambayarsu mene ne adalci, alhali amsar tana ƙarƙashin takalminsa. Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.