Mai Share Yashi a Yanbu

Ƙwallonsa ya tsaya taku huɗu daga ramin ƙarshe, sai ya harɗe hannuwa ya ƙi bugawa.

Shekara tara ke nan da ya baro gonar dabino a Awali ta Madina ya kama aiki a filin golf na Turawan matatar mai a Yanbu. Filin nan babu ciyawa, yashi ne aka jiƙa da baƙin mai, kuma doka ce kafin ɗan wasa ya tura ƙwallo rami, mai shara ya ja katako ya daidaita masa hanya. Shi ne mai sharar, bugun ma da ido ya koya. Da aka kawo musu kaset ɗin babbar gasar Birtaniya, zumuɗi ya ɗebe su suka shirya tasu, har mudir, wato manajansu, ya ce cikin raha kowa ya shiga. Ai kuwa bawan Allah ya rubuta sunansa. Ga shi yanzu bugu ɗaya ya rage ya kayar da su duka.

"Yalla, buga mana," in ji mudir.

"Ba a share mini ba."

"To share, aikinka ne."

"Yau ɗan wasa nake, ya mudir. Dokarku ce."

"Kana son aikinka gobe?"

Ya tuna 'ya'yansa a Madina, amma bai motsa ba. Rana ta yi ta gasa kowa. Can mudir ya sunkuya ya ja katakon har bakin rami, ya miƙe yana haki.

Mai sharar ya dubi hanyar, ya girgiza kai.

"Ta karkace. Sake."