Jan Layin Bakin Ƙofa

A asibitinmu, ɗakin da ya cika wata ba a rasa majinyaci ba, ana ba ma'aikatansa katin sanyi, wato wutar sanyaya gidajensu ta wata guda. Akwai jan layi a bakin ƙofa. Majinyacin da ya cika a waje da layin, ba a ɗora wa ɗakin mutuwarsa.

Ranar ƙarshen wata da azahar, numfashin wani majinyacinmu, Baba Tanimu, ya fara sarƙewa. Shugabarmu, Sista Ladidi, ta cire birkin gadonsa.

"Saratu, kama mu tura shi baranda."

"Anti, rana ce a can. Ko akuya ba ta kwanciya."

"Sa'o'i kaɗan suka rage mana. Kin san yadda zafi ya mayar da jaririna."

Na sani. Ni na yi masa ƙarin ruwa makon jiya.

Baba Tanimu ya buɗe ido. "Fitar da ni, 'yata. Na ga yadda ake yi. Kada in jawo muku."

Shekara biyar na yi ina karatun jinya, ba don wannan ba. Na taka birkin, na fuskantar da shi alƙibla, na yi ta maimaita masa kalmar shahada har ya cika a inuwa.

Sista Ladidi ta rufe shi.

"Allah Ya jiƙansa. Ke kuma, in an tashi, ki zo ki yi wa ɗana fifita."

Na je. Zan yi ta zuwa har wata mai kamawa ya ƙare, amma ban ba ta haƙuri ba.