Wanda Zai Riƙe Igiya

Zauna, Tanimu, sha ruwa tukuna. Tun da ka shigo kake faɗa mini ɗanka matsoraci ne, bai gado ka ba, har kana tunanin tura shi inda za a gyara maka shi da bulala. Na ji. Bari in ba ka wani misali, in na gama ka yi yadda ka ga dama, ai ɗa naka ne.

An yi wani mai haƙar rijiya da ke da samari biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, amma hali kowa da nasa. Babban ga ƙarfin zuciya, ga son mutane, ga surutu, ga saurin fushi da saurin hucewa. In aka ce a shiga rami, kafin a rufe baki ya kai ƙasa. Ƙaramin kuwa shiru-shiru ne, ba ya taka wuri sai ya duba. Igiya ma sai ya bi ta da yatsa daga wannan bakin zuwa wancan kafin ya yarda a ɗaura ta, kuma da ya leƙa rami sai ya ja da baya don tsoro. Uban ya ɗauki wannan abin kunya, domin a gidansu namiji shi ne mai sauka ƙasa, riƙon igiya kuwa aikin wanda ya rasa abin yi ne. Sai ya sa ƙaramin a gaba. Kullum shi yake ɗaura wa igiya a ƙugu ya zura, wai sabo ne maganin tsoro, ya bar babban a sama yana riƙo. To, tsoron dai bai tafi ba. Saurayin ya rame, ya daina cin tuwo cikin mutane, har uwarsa ta lura ya fara ƙulle 'yan tufafinsa da niyyar barin gari. Shi kuma babban, zaman bakin rijiya ya zame masa kurkuku. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi da hira, hannu ɗaya a kan igiya, ɗaya yana kwatance. Rannan ya saki baki yana ba masu tallar fura labari, sai guga cike da marmara ya suɓuce masa, ya wuce ta gefen kunnen ƙanensa, ya fashe a ƙasan ramin. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane babu. Amma uban ya zauna a kan tarin ƙasa yana duban 'ya'yan nasa. Ya ga cewa saura ƙiris ya rasa ɗa guda, kuma ba wanda ya jawo sai shi da ya ba kowannensu aikin ɗan'uwansa.

Da gari ya waye sai ya sauya musu wuri. Babban ya sauka yana ta waƙa a can ƙasa kamar an sako ɗan akuya daga turke. Ƙaramin ya tsaya a sama, kuma a nan abin mamaki ya bayyana. Tsoron nan da ke karya masa gwiwa a cikin rami, shi ne ya zame masa ido da kunne a bakin rijiya. Ba ya hira, ba ya waige. In rairayi ya fara zirara daga jikin bango, ya gani. In waƙar wansa ta yi rauni, ya san iskar ƙasa ta ɓaci, sai ya ja igiya ko ana so ko ba a so, domin ashe ƙarƙashin shirun nan akwai taurin kai. Sau da yawa yakan fito da wan a banza, ya sha faɗa, a koma aiki. Amma akwai ranar da bango ya zabtare bayan fitowar wan da ɗan lokaci kaɗan, kuma daga ranar faɗan ya ragu. Da shekaru suka tura, babban ya koyi jin magana, ya zama shi ke shiga gaba wajen daidaitawa da mutanen gari. Ƙaramin ya koyi ɗaga murya, ya yi ƙiba, ya koma cin tuwo cikin jama'a. Kada ka ce ya warke, a'a. Har furfura ta fito masa bai sake shiga rami ba, kuma ba wanda ya ƙara nemansa da haka.

Da uban ya tsufa, aka zo yashe wata rijiya da ya haƙa tun yana saurayi, sai ya kafe lallai shi zai shiga, ko da sau ɗaya ne kafin ƙarfinsa ya ƙare. Aka yi, aka yi, ya ƙi. Majiya ƙarfin gari suka taru, kowa yana miƙo hannu zai riƙe masa. Tsoho ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ku matsa. A kira mini matsoracin nan nawa, in ba shi ya riƙe ba, ba na sauka."

Ka gani, hali ba abu ɗaya ba ne da za ka auna kowa da shi. Kowane mutum yana da ɓangarori, wani ya yi masa yawa, wani ya yi masa kaɗan, kuma abin da ya zama aibi a wannan wuri shi ne ado a wancan. Ba a kankare hali, sai dai a nemo masa inda zai yi amfani, a nan yake girma, mai shi ma ya girma tare da shi. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.