Guɗar Inna a Cocin Sabon Gari

Inna ta damƙe min hannu har na ji zafi, ita ba ta ma sani ba. Muna bencin baya a cocin Sabon Gari, Baba kuwa yana can gaba cikin 'yan kwaya, mawaƙan cocin, shi kaɗai Bahaushe a tsakiyar Yarabawa da Ibo. Tun a gida Samaru ya ja mata kunne: "Ladi, waƙar nan ba ta zumuntar mata ba ce. Ba a amshi, ba a tafi. Kada ki sa su ce ba mu waye ba, su cire ni."

Mu a wajenmu mutum ɗaya ke ba da waƙa, kowa ya amsa. Nan kuwa murya huɗu ke tafiya tare, kowace da hanyarta, ba mai taka wata. Ta mazan har a katakon benci nake jin ta. Da furfurata na koyi rubutu, amma har yau ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba.

Sai malamin kwaya ya ɗaga hannu, suka yi tsit. Ashe da saura, ba su ce Amin ba. Inna ta miƙe, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa.

Baba ya runtse ido. Na ce shi ke nan, sun kore shi.

Malamin bai ko waiwayo ba. Ya bar hannunsa a sama har numfashin Inna ya ƙare kaf. Sannan ya sauke shi, Amin ɗin ta cika cocin, da muryar Baba a ciki.